Tsohon famfon man jirgi ko sabon famfon gidan mai?

Alhaji, barka da war haka. Tun daren jiya na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba: akwai wani ƙaramin filin saukar jirgi a nan yankinmu na Gombe da ake son farfaɗo da shi saboda jiragen feshin gona. An tarar da tsohon famfon man jirgi a wurin, irin wanda matuƙi ke zuba wa kansa, ya yi shekaru a kulle. Wani ya ba Alhaji shawara a yar da shi a sayo sabon famfo irin na gidan mai, tunda yana da sauƙin samu. Shi ne yake tambaya wanne ya fi.

Ni dai na ce a gyara tsohon, in har tankinsa na da rai.

Ta wajen kuɗi da samun makaniki, ba musu, na gidan mai ne a gaba. In ya tsaya da safe, kafin azahar ka samo mai gyara a Jekadafari ko Bolari, kayan gyaransa ma ba sai an aika Legas ba. Tsohon kuwa wata 'yar roba kaɗai sai ta sa ka jira wata guda. Iyakar abin da sabon ya fi shi ke nan.

Ka fara duba ƙarfen da man ke bi. Man jirgi ba ya shiri da jan ƙarfe da tutiya, suna gurɓata shi, shi ya sa ake yin hanyarsa da alminiyam, ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ko ƙarfen da aka shafe cikinsa da fenti na musamman. Famfon gidan mai ba da wannan tunani aka ƙera shi ba, kuma mai haɗa maka shi zai iya sa bututun ruwa mai tutiya ba tare da ya san ya yi ɓarna ba.

Sai matata, wato abin da ke tace mai, kuma a nan ne zancen yake. Ta gidan mai datti take tarewa. Ta man jirgi, musamman Jet A-1, dole ta raba mai da ruwa, domin kananzir ne, yana riƙe ruwa a jikinsa fiye da fetur. Da rana tanki ya ɗau zafi, da asuba ya huce, raɓa ta taru a ciki. A watan Agusta kuma ruwan sama na samun hanya ta murfin da robarsa ta ƙone da zafin Maris da Afrilu. Mota in ta sha ruwa sai ta yi tari ta tsaya a gefen titin Dukku. Jirgi ba shi da gefen titi. Kuma man kansa yana jure sanyi har digiri 47 ƙasa da sifiri, ruwan da ke cikinsa kuwa tun a sifiri yake zama ƙanƙara ya toshe hanya. Kowa ya tuna abin da ya faru a Yola a watan Yulin 2023, da aka tatso ruwa daga tankin wani Boeing 737, har hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta shiga maganar.

Na taɓa buɗe tukunyar matata da ta yi damina biyu ba a taɓa ta ba. Daga waje fes, fenti ko ƙwarzane babu. Ina kwance magudanar ƙasa cikin farin bokiti sai ga ruwa ja-ja ya fara fitowa, bayansa wani baƙin abu mai yauƙi kamar majina. Ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa daidai inda ruwa ya haɗu da mai, suna cin man, suna cin ƙarfen. Amma tukunyar kanta lafiya lau take. Wanki aka yi mata, aka sa sababbin 'ya'yan matata da robobi, ta koma aiki. Abin da nake nufi da gyara ke nan: gangar jikin ta tsaya, duk abin da ke tsufa a cire. Agogon da ke nuna bambancin matsi ma a gwada shi, domin in ya kai 15 a ma'aunin psi lokacin canjin 'ya'yan ya yi.

Mesa kam babu ciniki, a sayo sabuwa ta man jirgi. Ranar da aka yi ta na rubuce a jikinta, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ta wuce shekara 10. Ta gidan mai ba ta maye gurbinta. Haka wayar da ake maƙala wa jirgi kafin a buɗe murfin tankinsa. Famfon gidan mai ba ya zuwa da ita, tsohon kuwa yana da ita a naɗe, sai dai a auna juriyarta ga wutar lantarki a ga ba ta kai om 25 ba. Mu da muke da hunturu mun san yadda mayafi ke tartsatsi da daddare. To, mai mai gudu a cikin mesa ma haka yake tara wuta.

Ban ji ka faɗi wane mai za a zuba ba, Alhaji. Avgas 100LL shuɗi ne, akwai dalma a cikinsa, na jirage masu injin fistin. Jet A-1 fari ne ko ruwan kara. Bakin famfon Jet A-1 da gangan aka faɗaɗa shi don kada ya shiga tankin jirgin avgas. Bakin famfon gidan mai kuwa ko'ina shiga yake.

Batun matuƙi ya zuba wa kansa, wannan al'adar ƙananan filayen Amurka ce, inda mutum zai sa kati, ya rubuta lambar jirginsa, ya ja mesa. A filin jirgin Lawanti na Gombe da filin Sir Abubakar Tafawa Balewa na Bauchi tankar mai ce ke zuwa gindin jirgi da ma'aikatanta. Na'urar katin nan ita kaɗai ce ba zan ɓata kuɗi a kanta ba, ga wutarmu ga intanet ɗinmu. Makulli da littafi sun isa. Kuma ko wane famfo ka zaɓa, sai an samu yaro mai hankali da zai tatsi mai a kwalba kowace safiya, ya juya ta, ya ɗaga ta a haske. In akwai ruwa za ka gan shi a ƙasa kamar 'yan duwatsun ado. In an sauke sabon Jet A-1, a bar shi ya kwanta awa 3 ga kowace mita ta zurfinsa kafin a taɓa.

Inda tsohon zai faɗi shi ne in an leƙa tanki an ga fentin ciki na ɓarewa, ko tsatsa ta yi rami. A nan sai sabo, amma sabon na man jirgi, da izinin NCAA da NMDPRA, hukumar da ke kula da sufuri da rarraba man fetur. Kafin nan kada kowa ya kunna injin famfon, zai tura dattin ƙasan tanki cikin mitar da ke ƙirga mai. Ka ɗauko mana hoton rubutun jikin mesar da na ƙaramin allon da ke jikin tukunyar matata, in gani.