Kayan koyarwa na tsarin Montessori: abin da na gani bayan zango biyu a ajin nazare

Shekara shida ke nan ina koyarwa a ajin nazare na wata makaranta mai zaman kanta da ke Tudun Wadan Zariya. A farkon shekarar karatun bana shugabar makarantarmu ta sayo akwati uku na kayan koyarwa na tsarin Montessori daga wani ɗan kasuwa a Kaduna, haɗe da littafin jagorar malami, kuma tun daga lokacin nake aiki da su tare da yara 28 waɗanda shekarunsu ke tsakanin uku da biyar.

Mai wannan tsari, Maria Montessori, likita ce 'yar Italiya wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a shekarar 1907, kuma ra'ayinta shi ne hannun yaro ne ke kai ilimi zuwa ga ƙwaƙwalwarsa. Da na karanta wannan a kwaleji na ɗauke shi zancen littafi, sai da sandunan ƙidaya suka shigo ajina. Sanduna goma ne, mafi gajarta santimita 10, mafi tsawo mita ɗaya, an raba jikinsu gaɓa-gaɓa da ja da shuɗi. Akwai wani yaro da ya daɗe yana rera ɗaya zuwa ashirin kamar waƙa, amma idan aka ce ya kawo duwatsu huɗu sai ya ciko hannu. Ran nan na gan shi a kan tabarma ya jera sandar uku da ta biyu a gefen sandar biyar, ya ga bakinsu ya zo daidai, ya ɗago kai ya ce, "Malama, kai ɗaya suke." Ban koya masa tarawa ba, kuma ban ce masa komai ba face madalla.

Hasumiyar katako mai guntaye goma ita ma ta yi amfani, domin idan yaro ya ɗora babba a kan ƙarami da idonsa zai ga kuskuren, ba sai na tsawata ba. Sai dai ƙaramin guntun, wanda kowane gefensa santimita ɗaya ne, na cire shi daga bakin wata yarinya a mako na biyu, kuma tun ranar yana zaune a aljihun jakata sai lokacin darasi.

Inda kayan suka gaza shi ne wajen haruffa, kuma a nan nake son duk mai niyyar saye ya tsaya ya duba. Haruffan an yanke su ne daga samfefa aka manna a kan ƙananan alluna, yaro ya bi su da yatsu biyu yana furta sautin. Dabarar tana da kyau ƙwarai, ta kuma dace da Hausa fiye da yadda ta dace da Turanci, saboda rubutunmu na boko kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa, kamar dai Italiyancin da aka fara gwada ta da shi. Amma akwatin da muka samu na Turanci ne zalla. Akwai p da q da v da x waɗanda Hausa ba ta bukata, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle sh da ts. Yaron da gidansu ake cewa ƙofa da ɗaki da ɓera ba shi da harafin da zai fara waɗannan kalmomi da shi. Da muka tuntuɓi mai kayan ya ce haka suke zuwa, ya kuma yi alkawarin nemowa, har yau shiru kake ji. A ƙarshe wani kafinta a Sabon Gari ya yanko mana alluna daidai girman na asali, ni da abokiyar aikina muka zana haruffan muka yanke samfefar da almakashi muka manna. Wata kaka da ta zo ɗaukar jikanta ta tsaya tana kallon yara suna bin baƙaƙe da yatsa, ta ce ai wannan babbaƙu ne aka sake wa riga, kuma ban ga abin musu a maganarta ba.

Littafin jagorar, a ganina, ya fi katakon daraja. Daga cikinsa na koyi darasi mai mataki uku: malama ta ce "wannan shi ne," sannan "nuna mini," sannan "mene ne wannan," kuma idan yaro ya kasa a mataki na uku ba a gyara masa a take, sai a koma baya wata rana. Wannan ya rage mini yawan magana a aji sosai. Aibinsa shi ne Turancinsa mai nauyi ne, misalansa kuma na ƙasashen da ake yin dusar ƙanƙara ne, don haka kusan kowane shafi sai na zauna na mayar da shi zuwa gyaɗa da tumatir da ƙwarya.

Game da ƙarko, hunturun Zariya bai raga wa katakon ba. Kafin ƙarshen watan Janairu sanduna biyu sun tsage, fentin hasumiyar ya fara ɓarewa a kusurwa, ƙura kuma tana cika samfefar har sai an goge ta da busasshen buroshi kowace safiya. Akwati ɗaya na kowane iri kuma bai ishi yara 28 ba, ko da yake jiran layi ya koya musu haƙuri fiye da yadda na zata.

Da za a sake ba ni zaɓi, sandunan ƙidaya da littafin jagora kawai zan saya. Akwatin tsinkayen ƙidaya da ya zo cikin kayan, mai gurabe daga sifiri zuwa tara, da guntayen kara 45 da kwalin madara na haɗa na biyu, kuma yaran ba su nuna sun fi son na kanti ba. Haruffa kuwa na riga na yi magana da kafintan a kan cikakken jeri na Hausa kafin a dawo hutu.