Ƙona biskit a aji ko lissafi da rubutun jikin kwali?

Malama, kin ce 'yan ajinki na ƙaramar sakandare sun iso darasin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma kin rasa wadda za ki ɗauka cikin hanya biyu: ki ƙona abinci a gabansu a auna zafinsa, ko ki sa su kawo ledoji da kwalaye su yi lissafi da lambobin da ke jiki. Na koyar da duka biyun, ga abin da na gani.

Ƙonawa ita ce ke kama hankalin yara. Kayanta kaɗan ne: kwalbar gwaji, ruwa mililita 20, ma'aunin zafi, sikeli, doguwar allura mai mariƙi, sai wuta. A auna gutsuren biskit, a tsire shi, a kunna, a riƙe ƙarƙashin kwalbar har ya cinye, sannan a duba digiri nawa ruwan ya hau. Lissafin layi ɗaya ne: nauyin ruwa (mililita 20 giram 20 ne) sau 4.2 sau hawan zafi. Wannan 4.2 shi ne yawan jul (ma'aunin ƙarfi) da ke ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, kuma shi ake kira kalori guda. A ce ruwan ya tashi daga 25 zuwa 50, kin samu 20 × 4.2 × 25, wato jul 2,100. Yaron da ya ga ɗan guntun biskit yana ci bal-bal ba zai ƙara musun cewa akwai ƙarfi a cikin abinci ba.

Sai dai lambar da za ta fito ba abin dogaro ba ce. In gutsuren rabin giram ne, sakamakonku ya zama jul 4,200, wato kilojul 4.2, a kowane giram, alhali kwalin zai nuna kusan 20. Ina sauran? Wani zafin ya bi iska, wani ya tsaya a jikin kwalba da allura, wani ya tafi tun kafin a matso da abincin ƙarƙashin ruwan. Baƙar kunkunniyar da ke mannewa a gindin kwalbar ma shaida ce cewa bai ƙone duka ba. Shi ya sa masana ke ƙona nasu a cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe da aka cika da iskar oksijin, aka kuma nutsa ta cikin ruwa, ta yadda zafin ba shi da hanyar tsira. Akwai kuma wani tarkon da ba a cika lura da shi ba: wasu yaran za su fita da tunanin cewa wuta ce ke ci a cikinsu. Ki tambaye su, itace ma ai yana ci da wuta, me ya hana mu rayu da shi?

Hanyar kwali ba ta da wannan armashi, amma ita ce ta fi kusa da abin da jiki ke samu. Ginshiƙinta lambobi uku ne da suka samo asali daga aikin Wilbur Atwater, masanin sinadarai na Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19: giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kilokalori 4 (kilokalori ɗaya kalori 1,000 ce), furotin 4, kitse 9. Ki ba su biskit mai sitaci da sukari giram 65, furotin 7, kitse 20 a cikin giram 100. Za su samu 260 da 28 da 180, jimilla 468, wato kusan kilojul 1,960. Nan take za su lura cewa kitse, duk da ƙarancinsa, ya kwashi kaso mai tsoka. Kuma furotin da aka ba 4, in an ƙona shi a waccan tukunyar ya haura 5. Jiki ba ya tatse shi kaf, wani ɓangaren yana fita ta fitsari.

Wuri biyu suke tuntuɓe a nan. “Kalori” da mutane ke faɗa a baki kilokalori ce, wato kalori 1,000 irin ta gwajin ruwa. Sannan wani kwalin yana ba da lamba a kan giram 100, wani a kan abin da ake ci a zama ɗaya, yara kuwa sai su kwatanta su kai tsaye.

Ta fuskar haɗari kowacce da nata. A ƙonawa, ban da tabarau na kariya da kiyaye gashi da tufafi daga wuta, ki guji gyaɗa da danginta duk da kyan cin wutarsu, domin akwai yaran da jikinsu ba ya jituwa da ita har ta kai ga toshewar numfashi. Haɗarin kwali a ɓoye yake. A irin shekarunsu yara sun fara damuwa da ƙirar jikinsu, don haka ni ba na sa kowa ya ƙirga abin da ya ci a gida, ba na kuma raba abinci gida biyu, mai kyau da marar kyau.

In darasi ɗaya kawai gare ki, ko babu ɗakin gwaji, ki ɗauki kwali. In kina da biyu, ki fara da ƙonawa, ki ɓoye kwalin sai darasi na gaba, ki rubuta kilojul 4.2 na gwaji da 20 na kwali a allo ki bar su su yi gardamar inda bambancin ya shige. Cikinsu za a samu wanda zai ce a kewaye wutar da gwangwani don tare iska. Ki bar su su gwada, da biskit iri ɗaya da ruwa mililita 20 kamar na farko, su ga ko lambar za ta motsa.