Bitar Blogger: Wa Ke da Shafi Idan Makulli Ya Ɓace?

Shekaru da dama ke nan ina ajiye rubuce-rubucena a dandalin Blogger, kuma na lura cewa yawancin masu yin sharhi a kansa suna tsayawa ne a kan abin da ido yake gani, wato tsarin shafi da launuka da sauƙin wallafa rubutu. Waɗannan suna da nasu amfani, sai dai ba su ne suke hana marubuci barci ba bayan shekara goma. Abin da yake hana shi barci shi ne ranar da zai zo shiga shafinsa ya tarar da ƙofa a kulle, ko ranar da zai tuna cewa rai ba ya da tabbas, ya tambayi kansa inda rubutunsa zai kwana bayan ya kwanta dama. Da wannan ma'auni nake so in auna Blogger.

Dole in fara da yabo, domin ya cancanta. Wani ƙaramin kamfani mai suna Pyra Labs ne ya buɗe Blogger a shekarar 1999, kamfanin Google kuma ya saye shi a watan Fabrairun 2003, har yau yana nan yana aiki, kyauta, kuma asusu ɗaya yana iya buɗe shafuka har 100. Wanda ya san tarihin intanet ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanin Yahoo ya rufe dandalin buɗe shafuka na GeoCities a watan Oktoban 2009 da miliyoyin shafukan da ke cikinsa, Posterous kuma, wani dandalin rubutu irin Blogger, ya rufe a 2013, shekara ɗaya kacal bayan Twitter ya saye shi. Rubutun da mutum ya wallafa a Blogger shekara ashirin da suka wuce yana iya buɗe shi yau a adireshinsa na asali, kuma dandali kaɗan ne za su iya bugun ƙirji da haka.

A rubuce, batun mallaka ba shi da sarƙaƙiya. Sharuɗɗan Google sun faɗa a sarari cewa abin da ka rubuta naka ne, abin da kake ba kamfanin kawai izini ne na ajiyewa da kwafa da nunawa ga masu karatu a ko'ina a duniya, ba tare da ya biya ka ba, kuma ba tare da ya hana ka kai rubutun wani wuri ba. Dokar ƙasa da ƙasa ma tana bayanka, domin a ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta 1886 haƙƙin mallaka yana tabbata ne daga lokacin da aka rubuta abu, ba sai an yi rajista ba, kuma yana ci gaba aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci. A nan ban ga abin zargi ba.

Inda gizo yake saƙa shi ne, mallakar rubutu daban, ikon shiga shafi daban. Adireshin da yake ƙarewa da blogspot.com na Google ne, zaman aro kake yi a cikinsa, kuma kamfanin yana da ikon cire shafi idan ya ga ya saɓa wa ƙa'idojinsa. Haka nan abin da aka jingina da wata manhaja yana iya tafiya tare da ita, kamar yadda sharhin masu karatu da aka rubuta ta hanyar Google+, dandalin sada zumunta na Google, ya ɓace daga shafukan Blogger a 2019 lokacin da aka rufe wancan dandali. Mafi muhimmanci kuma, a idon Blogger mai shafi shi ne duk asusun da yake riƙe da matsayin mai gudanarwa, ko da kuwa bai taɓa rubuta harafi ɗaya a ciki ba. Matsayi biyu ne kawai, marubuci da mai gudanarwa, kuma mai gudanarwa yana iya cire kowa, har da wanda ya buɗe shafin tun farko. Wannan ne ya sa nake jin tsoro ga mutanen da suke ba wani masanin kwamfuta aikin buɗe musu shafi, shi kuma ya buɗe da imel ɗinsa, da kuma ƙungiyoyin da shafinsu yake rataye a asusun ma'aikaci ɗaya. Ranar da aka ɓata, ko ma'aikacin ya ajiye aiki, sai a wayi gari rubutun nasu ne a shari'a amma makullin yana aljihun wani.

Maido da asusu shi ne wurin da na fi daɗewa ina tunani a kansa, kuma har yanzu zuciyata a rabe take. Blogger ba shi da kalmar sirri ta kansa, ƙofarsa ita ce asusun Google, saboda haka wanda ya rasa asusun ya rasa shafin. Hanyar dawowa kuma guda ce, wato shafin maido da asusu, wanda na'ura ce take gudanar da shi. Za ta tambaye ka kalmar sirri ta ƙarshe da kake iya tunawa, ta aika lamba zuwa wayar ko imel ɗin da ka ajiye domin irin wannan rana, ta kuma duba ko daga na'urar da ka saba da wurin da ka saba kake nema. Idan amsoshin sun gamsar da ita ta buɗe maka, idan ba su gamsar ba ta ce ba ta iya tabbatar da cewa asusun naka ne. Mai asusun kyauta ba shi da lambar da zai kira ya yi wa mutum bayani, kuma kasancewar sunansa da hotonsa sun cika shafin ba hujja ba ce.

Na fahimci dalilin wannan tsauri, kuma ba zan ɓoye cewa ina ganin gaskiyarsa ba. Duk abin da ke cikin shafi a buɗe yake ga kowa, don haka ɗan damfara yana iya haddace sunan mai shafi da tarihinsa da salon rubutunsa ya zo ya rantse cewa shi ne. Da ana buɗe ƙofa da roƙo da magiya, da masu kutse sun fi kowa iya kuka. Amma abin da yake damuna shi ne, abubuwan da na'urar take dogaro da su su ne suka fi saurin lalacewa a rayuwar mutum. Kamfanonin waya suna karɓe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba su sayar wa wani. Imel ɗin makaranta ko na wurin aiki yana mutuwa da zarar an bar wurin. Yahoo ma a 2013 ya sake rarraba sunayen asusun da suka shekara ba a taɓa ba ga sababbin masu nema. Mutumin da ya buɗe shafi yana matashi, ya canza waya sau biyar, ya tashi daga garin da yake, shi ne wanda na'ura za ta fi yi wa kallon baƙo, alhali shi ne mai gida na gaskiya. Wani abin takaicin kuma, shafin da aka kulle ka a wajensa ba ya ɓacewa, yana nan kowa yana karantawa, kai kuma ba ka da ikon gyara kuskure ko goge maganar ƙuruciya da ka daina yarda da ita.

Google ya tanadi rigakafi, kuma mai kyau ne ga wanda ya san da shi. Wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri, yana iya fitar da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace ana amfani da ita sau ɗaya, ya rubuta su a takarda ya adana. Laifin da nake gani shi ne ba a sa wannan a gaban mai buɗe shafi tun ranar farko, sai ya tono shi da kansa a cikin saitin asusu, yawancin mutane kuwa ba sa tonowa sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Sai batun shafukan da suka zama kufai. Blogger cike yake da su, wasu rubutu ɗaya tak aka yi a cikinsu aka tafi, kuma sau da yawa su ne suke riƙe da sunaye mafi kyau. Wanda ya nemi irin wannan suna ba za a ƙwace a ba shi ba, komai daɗewar shirun mai shi. Idan mai shafi ya goge shi da hannunsa yana da kwana 90 da zai iya maido da shi, idan kuma ya zaɓi gogewa ta dindindin to adireshin ba zai sake amfanuwa ga kowa ba. Na san wannan yana ɓata wa sababbin marubuta rai, amma ni ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Adireshin da mutane suka sani da sunan wani, wanda wasu shafuka suka yi shekaru suna nuni zuwa gare shi, idan ya faɗa hannun baƙo zai iya yin magana da bakin wanda ba ya nan.

Sai dai lissafin ya sauya a 2023. A watan Mayun shekarar Google ya sanar cewa daga watan Disamba yana da ikon goge duk asusun mutum ɗaya da ya yi shekara biyu ba a yi amfani da shi ba, tare da abin da ke cikinsa, bayan ya aika gargaɗi sau da dama zuwa imel ɗin asusun da na ko-ta-kwana. Hujjarsa ita ce tsaro, domin ya ce asusun da aka yi watsi da su sun gaza masu aiki aƙalla sau goma wajen kunna tabbatarwa mai mataki biyu, don haka sun fi sauƙin sacewa. Abin lura a nan shi ne motsin asusu ake dubawa, ba motsin shafi ba. Shafin da ya shekara goma ba a ƙara masa komai ba yana cikin aminci muddin mai shi yana buɗe Gmail ɗinsa, amma shafin da dubban mutane suke karantawa kullum yana rataye ne da zare idan mai gudanar da shi guda ɗaya ya rasu. Gargaɗin kuwa zai je akwatin da babu mai buɗewa. A ganina wannan shi ne babban raunin Blogger a yau, domin darajar rubutu ba ta da alaƙa da ko marubucin yana shiga imel.

Wanda ya sayi adireshi na kashin kansa ya haɗa da shafin, abin da Blogger yake bari a yi ba tare da ƙarin kuɗi ba, ya sami 'yanci na gaske, domin yana iya kwashe kayansa ya koma wani dandali masu karatu su bi shi. Amma shi ma haya ce ta shekara-shekara, ba a biyan fiye da shekara goma a gaba, kuma idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, bayan ɗan lokacin sassauci sai a sake shi kasuwa. Akwai masu dakon irin waɗannan sunaye su saye su cika su da tallan caca. Adireshin kyauta ba ya neman a tuna da shi, na kuɗi kuwa yana buƙatar rayayyen mutum a bayansa.

Game da kwashe kaya, Blogger ya yi adalci. Ta hanyar Google Takeout, wanda aka fara a 2011, mutum yana sauke rubutunsa duka zuwa kwamfutarsa, kuma WordPress, wani dandalin rubutu, yana da hanyar shigo da shafin Blogger. Nakan yi wannan duk bayan 'yan watanni. Kada kowa ya dogara da rumbun Wayback Machine na cibiyar Internet Archive, mai adana kwafin shafukan intanet, a matsayin madadi, domin duk da babban aikin da yake yi tun 2001, abin da ya ci karo da shi kawai yake ɗauka. Binciken cibiyar Pew na 2024 ya gano cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan intanet da suke raye a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma.

Abin da ya fi burge ni a duk tsarin shi ne Inactive Account Manager, wanda Google ya fito da shi a 2013 kuma mutane ƙalilan ne suka san da shi. Kana zaɓar tsawon shirun da za a jira, wata 3 ko 6 ko 12 ko 18, ka ambaci amintattu har 10 da za a sanar, ka kuma fayyace abin da kowannensu zai iya saukewa. Wasiyya ce a taƙaice, kuma cika ta ba ya cin minti goma. Ga iyalan da mamacinsu bai yi wannan ba, akwai hanyar neman a rufe asusun ko a ba su wasu bayanai bayan an duba takardu, amma kamfanin ba ya ba kowa kalmar sirri.

Duk da haka, amintaccen da aka ambata kwafin rubutu yake samu, ba ragamar shafi ba. Hanya ɗaya da shafin zai ci gaba da rayuwa a hannun wani ita ce ka naɗa shi mai gudanarwa tun kana raye, wato ka ba shi ikon da zai iya cire ka da shi gobe. Ni na warware rabin matsalar ta hanyar naɗa asusuna na biyu a wannan matsayi, kuma ina ba duk mai shafi shawarar ya yi haka a yau, domin idan ƙofa ɗaya ta kulle ɗayar tana buɗe. Zan ci gaba da zama a Blogger, kuma zan ba wanda yake son rubutu ba tare da kashe kuɗi ba shawarar ya zo. Abin da nake jira daga Google shi ne matsayi na uku, na magaji, wanda ikonsa ba zai fara aiki ba sai mai shafi ya yi shiru na tsawon lokacin da ya zaɓa da kansa.