Wasiƙa daga Ingila: hoton ƙwaƙwalwa a nan da a gida

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Hajiya da yara. Ka ce in yi maka bayani filla-filla kan aikin da nake yi a nan, musamman maganar da kake ji a rediyo cewa wai kwamfuta ce yanzu ke duba ƙwaƙwalwar mutum ta faɗi ciwonsa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai an ƙara mata gishiri.

Hoton da muka saba da shi a gida, CT ko MRI, siffar ƙwaƙwalwa yake nunawa: ko akwai ƙari, ko jini ya zuba, ko wani sashe ya ƙanƙance. A sashen da nake aiki kuwa, aikin ƙwaƙwalwar muke dubawa, da yadda take cin abincinta. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma suga ne abincinta. Shi ya sa ake yi wa mutum allurar wani suga mai ɗauke da ɗan tururin nukiliya, ana ce masa FDG, sannan a sa shi a na'urar PET a ga inda sugan ya taru da inda ya yi ƙaranci.

Mara lafiya yakan zo ne bai ci komai ba tun sa'o'i huɗu zuwa shida. In huda ɗan yatsansa in auna suga, in yi masa allurar, sannan in kwantar da shi a wani ɗaki mai ƙarancin haske wajen rabin awa. Ba hira, ba karatu, ba taɓa waya, domin duk sashen ƙwaƙwalwar da ya yi aiki a lokacin zai zuƙi sugan ya ɓata hoton. Tsofaffi sukan so su ja ni da labari, sai in lallashe su in ce su bari sai mun gama. Ɗaukar hoton kanta ba ta cika wuce minti goma sha biyar ba. Idan cutar mantuwa ta Alzheimer ce, gefe da bayan ƙwaƙwalwa ne ke dusashewa a allo. Idan wata irin ce mai sauya halin mutum, gaba ne ke dusashewa. Wani lokaci ana ganin haka tun MRI bai nuna komai ba.

To ina ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfutar nan da kake jin labarinta, ta shigo? Wuri na farko, wanda babu mai kawo shi a labarai, shi ne tsaftace hoto. An koya wa manhaja dubban hotuna masu kyau da marasa kyau har ta iya cire ƙura daga hoton da aka ɗauka cikin sauri. Kamfanonin Siemens da GE duk sun sa irinta a na'urorinsu na MRI. Amfanin a fili yake: dattijon da ba ya iya kwanciya shiru na dogon lokaci yana fitowa da wuri, layi kuma yana raguwa. Ni wannan ya fi burge ni a kan duk wani abin da ake kururutawa.

Sai shanyewar ɓarin jiki. Akwai wata manhaja ta kamfanin Brainomix na Oxford da asibitoci da yawa a nan ke amfani da ita. Da an ɗauki CT, cikin 'yan mintuna za ta nuna jijiyar da ta toshe da girman wurin da ya lalace, ta tura hoton wayar ƙwararren likita ko da yana wani gari. Maganin narkar da gudan jini ana so a ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwon, saboda haka kowane minti yana da tsada. Akwai kuma masu bincike a jami'ar UCL da ke Landan da suka horar da manhaja ta gano ƙananan tabo a ƙwaƙwalwar yara masu farfaɗiya, irin waɗanda ido kan tsallake. A Amurka, a 2018, wasu masana a San Faransisko sun nuna manhaja na iya hango alamar Alzheimer a hoton FDG kusan shekara shida kafin likitoci su tabbatar da cutar, kodayake a kan mutane kaɗan aka gwada ta. Duk da haka, Yaya, ban taɓa ganin sakamako ya fita ba tare da likitan hoto ya duba ya sa hannu ba. Manhajar takan yi kuskure, takan zana ja a inda babu komai idan mutum ya motsa kansa.

Game da ɗan Anti da ke fama da farfaɗiya, da kuke tunanin sayar da fili a kawo shi: don Allah ku dakata. Asibitin gwamnati a nan kyauta ne ga mazauna ƙasa, amma baƙon da ya zo da bizar ziyara ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin. A asibitin kuɗi MRI ɗaruruwan fam ne, PET kuwa ya haura fam dubu, ban da ganin likita da masauki da jirgi. Kuma PET ba shi ne matakin farko ba. Ana yin sa ne ga wanda aka gwada wa magunguna daban-daban bisa ƙa'ida suka ƙi, aka fara maganar tiyata. Ku fara kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa, a yi gwajin EEG, wato na auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, da MRI mai kyau, ya riƙa shan magani ba fashi. Yawancin masu farfaɗiya magani kaɗai ke tsayar musu da ita.

Kada ka ɗauka komai a nan ya fi na gida. Ƙa'idarsu ita ce a yi wa mutum gwaji cikin mako shida, kuma mutane da yawa suna wuce haka suna jira. Ba ka isa ka tashi da kanka ka ce a yi maka hoto ba, sai likitan unguwa ya tura ka wurin ƙwararre, shi ma sai ya ga dacewa. A Kano mai kuɗi a aljihu zai iya yin MRI yau ya karɓi sakamako gobe. Sannan ina ganin tsofaffi suna zuwa gwajin mantuwa su kaɗai a tasi, babu ɗa babu jika, alhali rabin gano wannan cuta daga bakin 'yan uwa yake fitowa. A gida da mutum biyar za su rako shi, kowa da abin da ya lura. Wannan yana taɓa min zuciya ƙwarai.

Abin da suka fi mu da shi na gaske shi ne abubuwan da ke bayan na'urar. Sugan nan na FDG, duk minti 110 rabin ƙarfinsa ke tafiya, kamar ƙanƙara a hannun mai talla cikin zafin Afrilu. Da tsakar dare ake haɗa shi a wani injin da ake kira saikulotiron, mota ta kawo mana shi da sassafe cikin tukunya mai kauri. Idan motar ta makara awa biyu, wasu daga cikin marasa lafiyar ranar sai dai a sake musu rana. An kafa irin injin a Legas, amma ka auna a ɗauko daga can zuwa Kano a jirgin da ake iya ɗaga tashinsa ba sanarwa. Ita kuma MRI maganaɗisunta yana zaune ne cikin ruwan heliyam mai tsananin sanyi, kuma injin sanyayawar ba ya son a ɗauke wuta dare da rana. Babu manhajar da za ta maye gurbin wuta da injiniyan gyara.

Akwai kuma abin da ke damuna. Manhaja abin da aka nuna mata ta sani. Babban rumbun hotuna na UK Biobank ya ɗauki mutum dubu ɗari, amma mafi yawansu Turawa ne masu matsakaicin shekaru zuwa tsofaffi. Ƙwaƙwalwar yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa, ko mai sikila, ko wanda sanƙarau ya kama, ba su da yawa a irin waɗannan rumbuna, kuma su ne ke cika asibitocinmu. Duk manhajar da za a kawo gida, dole a gwada ta a kan mutanenmu tukuna.

Da za a tambaye ni abin da ya kamata gwamnonin Arewa su saya, ba zan ce PET ba. Akwai wata ƙaramar MRI ta kamfanin Hyperfine, sunanta Swoop, da aka amince da ita a Amurka a 2020. Ana tura ta a kan taya har gefen gado, ana jona ta a soket na bango, ba ta buƙatar heliyam. Ƙarfin maganaɗisunta 0.064 ne a ma'aunin tesla, na asibitin da nake aiki kuwa 1.5 da 3 ne, don haka hotonta ba ya kai nasu kyau, manhaja ce ke gyara shi har likita ya iya karantawa. An yi aiki da ita a Malawi wajen duba yara. Ba za ta nuna yadda ƙwaƙwalwa ke cin suga ba, amma za ta nuna ruwa ya taru a kan jariri ko jini ya zuba, a babban asibitin ƙaramar hukuma mai aiki da sola, a tura hoton ta intanet wa likita a Kano ko Zariya.

Idan an yi wa yaron MRI, ku ce a ba ku faifan CD ɗin, kada ku tsaya kan fim da takardar sakamako kawai, domin duk likitan da zai sake dubawa faifan zai nema. A gaida Hajiya da kyau, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙaninka.