Harsasai huɗu na Yaƙin Duniya na Biyu da na yi oda, ga yadda na same su

Na daɗe ina tara harsasan tarihi waɗanda aka kashe, wato babu albarushi a ciki, an huda kwanson, ɗan abin da ke tayar da wuta a gindi ma ya riga ya mutu, ba su iya komai sai dai kallo. To wannan karon wani shago na intanet ne na yi wa oda, saiti ɗaya mai guda huɗu.

Gaskiya shiryawar ta burge ni, kowanne a ɗan gidansa, ga takardar shaida cewa babu abin fashewa a ciki, kuma hujin a gefe suka yi shi ba su taɓa gindin ba, wanda nan ne duk tarihin yake. Na Birtaniya .303 ne, wato lambar girman harsashin, a gindinsa an buga K 1941 VII, K ɗin kamfanin Kynoch ne na Birmingham, VII kuma samfurin da aka fito da shi tun 1910 wanda bindigar Lee-Enfield ta yi amfani da shi a yaƙin duniya duka biyun. Na Amurka .30-06 ne mai SL 43, masana'antar St. Louis kenan shekarar 1943. Na Rasha 7.62x54R, lafiya lau, ba ni da ta cewa.

Wanda ya fi shiga raina shi ne na Jamus, 7.92x57, kwansonsa ba tagulla ba ne, ƙarfe ne aka shafa masa fenti don kar ya yi tsatsa, saboda tagulla ta yi musu ƙaranci lokacin yaƙin, wallahi ka riƙe shi a hannu kana ganin halin matsin da ƙasar ta shiga a jikin ɗan abu ƙarami haka.

Amma fa akwai inda suka ɓata min rai. Na Birtaniyan nan sun goge shi tas yana ta ƙyalli kamar jiya aka ƙera, duhun nan da tagulla ke yi bayan shekara 80 ya tafi kuma ba ya dawowa, har lamba 4 ɗin cikin 1941 ta fara shafewa, a hoton da suka sa kuwa ba haka yake ba. Na rubuta musu sun ba da haƙuri, sun ce nan gaba in faɗa tun wuri za su aiko da wanda ba a taɓa ba.

Zan sake saye a wajensu. Kafin ka yi oda dai ka binciki dokar ƙasarka da ta kwastam, akwai wuraren da ko mataccen harsashi ba a yarda ya shigo ba.