Sharhi: dogon gilashin kamara na milimita 150-600 a bakin sheƙar mujiya

Duk mai son ɗaukar hoton 'ya'yan mujiya tun suna cikin farin gashi har su tashi, abin da ya fi bukata shi ne tazara. Ka matsa kusa, iyayen su ƙi sauka da abinci, ka ga ke nan hotonka ya jawo wa 'ya'yan yunwa. Dalilin da ya sa na nemi wannan gilashin zum, mai jawo abin da ke nesa kusa, ke nan, kuma ta wannan fuska ban yi da-na-sani ba.

Farar mujiya na bi, mai fuska kamar zanen zuciya. Ita dai ba ta jira ta gama saka ƙwai kafin ta hau kwanci. Tana sakawa da ratar kwana 2 ko 3, kowane ƙwai kuma sai ya yi kamar wata guda kafin ya ƙyanƙyashe, don haka 'ya'yan ba sa zama tsara. Da suka fara leƙo bakin kogo, a milimita 600 na ga wannan bambanci ƙarara: babban ya fara fitar da gashin fuffuke mai ruwan zuma, autan kuwa har lokacin dunƙulen auduga ne mai baƙaƙen idanu biyu. Har guntun gashin ɓera da ya maƙale a bakin ɗayansu ya fito a hoto, alhali ina can nesa a ɓoye.

To, amma mujiya ba ta san rana ba, shi kuma gilashin nan ɗan rana ne. Idan ka ja shi ƙarshe, faɗin ƙofar haskensa ba ya wuce f/6.3, wato haske kaɗan ke shiga, ga shi 'ya'yan ba sa fitowa sosai sai almuru. Dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kamara na kama haske, zuwa wajen 6400, hoto ya fito yashi-yashi. Saitin da gilashin yake yi da kansa don hoto ya fito tas ma sai ya yi ta kai-komo cikin duhu yana laluben inda zai tsaya. Gara ka saita da hannu a kan bakin kogon tun da sauran haske, ka bar shi haka. Filasha kam ban ma kawo ta a rai ba.

Akwai na'urar rage girgiza a cikin gilashin, tana aiki, sai dai rawar hannunka take gyarawa, ba motsin tsuntsu ba. 'Ya'yan kuwa ba sa zama shiru. Idon mujiya ba ya juyawa a gurbinsa, shi ya sa suke ta kaɗa kai sama da ƙasa, hagu da dama, suna auna nisan abu. Abin dariya ne a ido, abin haushi a hoto.

Nauyin gilashin ya kai kilo 2, saboda haka sai da madogara mai ƙafa uku.

Wajen mako na 8 zuwa na 9 'ya'yan suka fara buga fukafukai, suna dira kan ganye kamar sun kama ɓera. Hotunan tashin farko yawancinsu dishi-dishi suka fito mini. Wanda burinsa tsuntsu a sama cikin duhu, ya nemi gilashi mai ƙofar haske mafi faɗi, f/4 ko f/2.8. Wanda kuwa yake son bin girmansu mako-mako suna zaune a bakin kogo, wannan ya ishe shi.