Gargaɗi ga jama'ar Kebbi kan masu cewa za su goge maka tarihin bashi

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wata talla da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook, wai ka turo BVN ɗinka a ciro maka rahoton tarihin bashinka, in an tarar sunanka ya ɓaci a banki a wanke shi cikin kwana ɗaya. Damfara ce tsagwaronta, don Allah kada kowa ya tura.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne manoman shinkafa na Argungu, Suru, Augie da Yauri da suka karɓi rancen Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, da waɗanda suka karɓi rancen korona na bankin NIRSAL a 2020 suna zaton tallafi ne. Mutum ya je neman sabon rance an ce da bashi a kansa, hankalinsa ya tashi, sai ga wani yana cewa yana da mutuminsa a ciki da zai goge bashin.

Da ƙaramin kuɗi suke farawa, a tura a asusu mai sunan mutum. Su nemi BVN, ranar haihuwa, lambar waya da hoton katin ATM gaba da baya. Can sai su turo takarda mai tambarin kamfani, an rubuta bashin da ya ninka na gaskiya don ka ruɗe ka biya kuɗin gogewa. Mafi muni shi ne na ƙarshe: za a ce wata lamba za ta shigo wayarka, ka karanto. Da ita ake kwashe kuɗin asusunka, ko a ci bashi da sunanka a manhajojin rance. Ka je wanke suna, ka dawo da sabon bashi.

Dalilin da ya sa gogewar ba za ta yiwu ba shi ne, kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara tarihin bashin jama'a: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Ba su ke ƙirƙirar bayanin ba, bankuna da masu ba da rance ne ke aika musu a kai a kai. Ko da wani ya taɓa abu a wuri ɗaya, yana nan a littafin bankin da ya ba ka, kuma aiken gaba zai maido shi. Ga kuma tsarin GSI da ya fara aiki ran 1 ga Agusta 2020, wanda ke ba banki damar cire bashinsa daga sauran asusunka masu BVN ɗaya in ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓa.

Rahoton kuwa haƙƙinka ne. Dokar rahoton bashi da aka sa wa hannu a 2017 ta ba kowa damar karɓar nasa kyauta sau ɗaya a shekara. Rubuta adireshin shafin intanet na kamfanin da hannunka, kada ka latsa wanda aka turo maka. Za ka cike suna, BVN, ranar haihuwa, lambar waya da imel. In na biya kake so, a shafin kamfanin ake biya, da sunan kamfanin. Duk lambar sirrin da ta shigo wayarka, kai za ka shigar da ita, ba a karanta wa kowa. Wanda ya yi a shagon intanet ya tsaya a goge takardar daga kwamfuta bayan an buga.

In rahoton ya zo, duba kowane rance: nawa aka karɓa, nawa ya rage, kwana nawa aka makara. Ka lura sosai da bashin da ka tsaya wa wani, domin yakan fito a rahotonka, kuma mutane da yawa sun tsaya wa ɗan'uwa ko ɗan ƙungiya sun manta.

Wanda ya gama biya amma bashin na nan, ya koma bankin ya karɓi takardar shaidar kammala biya, ya nemi su sabunta bayanin, ya kuma aika wa kamfanin kwafi. Ko a nan ba a share tarihin, nunawa ake yi an biya. Bashin da ba ka san da shi ba kuwa, rubuta koke ka kai banki, a buga maka hatimi a kwafinka. In mako biyu ya wuce shiru, kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Wanda ya riga ya tura bayanansa ya je banki yau a toshe katin a sauya lambobin sirri, ya adana hoton hirar da lambar asusun da ya biya don kai wa 'yan sanda ko EFCC, sannan ya ciro rahotonsa bayan wata ɗaya ko biyu ya ga ko an ci bashi da sunansa.